Tafki Ɗaya, Ayu da Jiragen Gudu: Yadda Wani Gari a Fulorida Ya Raba Ruwansa

## Wurin da abin ya faru

Garin sunansa Crystal River, ƙarami ne, mutanensa 3,000 da ɗoriya. Yana gaɓar yammacin jihar Fulorida ta Amurka, tafiyar kamar awa ɗaya da rabi a mota arewa da birnin Tampa. Ruwansa ne ya fito da sunansa. A tsakiyar garin akwai tafki mai faɗin kimanin eka 600, wanda maɓuɓɓugai kusan 70 ke cikawa daga ƙarƙashin ƙasa. Daga tafkin kogi ya ɓalle, ya yi tafiyar kilomita 11, ya zube a Tekun Meziko. Ruwan maɓuɓɓugan nan ba ya sauya hali: da sanyi da zafi, ɗuminsa yana nan a digiri 22.

Wannan ɗumi shi ke jawo ayu. Wanda ya tashi kusa da Binuwai ko Kwara ya san sunan, wanda bai tashi can ba ma ya ji shi a bakin masu tallar man ayu. Na Fulorida ɗan'uwan namu ne, jinsi dabam amma zuri'a ɗaya. Babbansa yakan kai mita uku, nauyinsa ya doshi rabin tan, ciyawar ruwa kaɗai yake ci. Duk da girman jikin nan ba shi da kitsen da zai tare masa sanyi. In ruwa ya sauka ƙasa da digiri 20 ya daɗe a haka, fatarsa ta fara gyambo, cikinsa ya daina narkar da abinci, ƙarshenta ya mutu. Shi ya sa da zarar Nuwamba ta kama, ayu ke barin teku su biyo kogin su shigo tafkin, su kwanta a bakin maɓuɓɓuga har sanyi ya wuce.

Rauninsa na biyu numfashi ne. Iska yake shaƙa kamar mu, don haka duk bayan minti uku zuwa biyar sai ya ɗago hanci. Huhunsa a shimfiɗe yake a gadon baya, daidai inda jirgi ke taka shi. Haƙarƙarinsa kuma ƙashi ne cunkus marar ɓargo, mai nauyi, mai saurin karyewa. Jirgi mai inji yana kashe shi ta hanya biyu: ko farfela ta tsattsaga masa baya, ko ƙirjin jirgin ya doke shi haƙarƙari ya karye ya huda huhu, alhali a waje ba a ganin ko ƙwarzane. Macen kuwa ɗa ɗaya take haifa bayan cikin shekara guda da 'yan makonni, sai ta yi shekara biyu zuwa biyar kafin ta sake. Uwa ɗaya ta mutu, an yi asarar da za a daɗe ba a mayar ba.

Mutanen garin su ma a kan ruwan suke rayuwa. An haƙa magudanai an jera gidaje a bakinsu, kowa da jirginsa ɗaure a bayan gida kamar yadda muke jingine babur a zaure. Akwai masunta, akwai masu kai baƙi ninƙaya kusa da ayu, sana'ar da otal-otal da gidajen abinci suka dogara da ita duk hunturu. Akwai kuma iyalai da tun kakanni suke fita tafkin da zafi, jirgi na jan yara da igiya suna zamiya a kan ruwa.

## Daga 1967 zuwa 1983: killace makwanci

Tun 1893 Fulorida ta hana farautar ayu, amma babu wanda ya san halin dabbar sosai sai a ƙarshen shekarun 1960, lokacin da wani ɗalibin ilimin dabbobi, Daniel Hartman, ya tare a garin yana bin su ɗaya bayan ɗaya. Ta tabon da farfela ta bari a bayansu yake bambance su, kuma har yau da wannan tabo masu bincike ke gane kowane ayu. Yaron garin da ke tuƙa masa jirgi, James Powell, shi ne daga baya ya shafe shekaru a Kodebuwa yana nazarin ayun Afirka ta Yamma.

Dokoki suka biyo baya a jere: ta tarayya mai kare dabbobin ruwa masu shayarwa a 1972, ta kare halittun da ke gab da ƙarewa a 1973, sai ta jihar Fulorida a 1978, wadda ta ba hukuma ikon ƙayyade gudun jirgi a inda ayu ke taruwa. A 1980 aka killace wurare uku a tafkin, aka zagaye su da alamomi masu yawo a kan ruwa: daga 15 ga Nuwamba zuwa 31 ga Maris, ba jirgi, ba mai ninƙaya. Ayun da ke kwana a tafkin a lokacin kimanin 100 ne. A 1983 gwamnatin tarayya ta kafa gandun kare namun daji a wurin, musamman saboda ayu. Aka ƙara wurare uku a 1994, aka ƙara ɗaya a 1998, suka zama bakwai.

Wannan mataki bai jawo hayaniya mai yawa ba. Wuraren ƙanana ne, na hunturu ne kawai, kuma da sanyi ba a cika wasan gudu a ruwa ba.

## Daga 1989 zuwa 2009: filin gudu na lokacin zafi

A 1989 gwamnan jihar da majalisarsa suka ware gundumomi 13 da ayu ya fi yawa, suka umarce su da su tsara yadda za a kare shi: ina za a gina matsayar jirage, ina za a rage gudu. Gundumar garin nan tana cikin na farko da suka kammala nasu. Dokar gudun da ta fito a farkon shekarun 1990 ta raba shekara gida biyu. Daga Satumba zuwa Afrilu kowa ya tafi a hankali a tafkin. Daga 1 ga Mayu zuwa 31 ga Agusta kuwa an buɗe wani babban yanki da ya kewaye tsibirin tsakiyar tafkin don wasannin ruwa, gudun mil 35 a awa da rana, wato kusan kilomita 56, da dare kuma mil 25.

Akwai abin lura game da “tafiya a hankali” a dokar Fulorida. Ba lamba ba ce a kan allon inji. Jirgin gudu yana da hali uku: in yana tafiya sannu, a zaune yake cikin ruwa, in ya ɗauki cikakken gudu, sai ya hau saman ruwa yana sulɓi, a tsakani kuma goshinsa ya ɗaga sama, gindinsa ya nutse, farfela ta yi ƙasa, ya riƙa tayar da igiyar ruwa mai girma, matuƙi ba ya ganin gabansa. Wannan hali na tsakiya ya fi kowanne muni ga ayu da mai ninƙaya da ƙaramin kwalekwale. Saboda haka doka ta ce sai jirgi ya zauna daram cikin ruwa, ba ya tayar da igiyar kirki, sannan a ce yana tafiya a hankali. Matuƙa da yawa sun ɗauka sassauta maƙura kaɗan ya isa, sai su faɗa daidai halin da ake gudu.

An gina rabon shekarar ne a kan zato guda: da zafi ayu suna ficewa teku, tafkin ya zama na mutane. A lokacin zaton yana da gaskiya a cikinsa. Amma yawan ayu ya ci gaba da ƙaruwa, wasu suka daina fita, musamman uwaye masu goyo waɗanda ke son ruwa marar zurfi mai natsuwa. Jirage ma suka ƙaru, a jihar da yau ke da jiragen shaƙatawa masu rajista kimanin miliyan ɗaya. Lissafin hukumar kifi da namun daji ta tarayya ya nuna ayu 16 ne jirgi ya kashe a cikin tafkin tsakanin 1974 da 2010, kuma 13 daga ciki a shekaru goman ƙarshe suka mutu.

A ɗaya gefen, sana'ar ninƙaya da ayu ta bunƙasa har ta fi ƙarfin wuraren bakwai. Da sanyi ya tsananta makwancin ya cika, ayu su malalo waje da alamomin, baƙi su yi musu ca. An gwada wayar da kai: bidiyon da ake nuna wa baƙo kafin ya shiga ruwa, 'yan sa-kai a cikin kwalekwale suna jan kunne. Masu jin magana sun ji. Amma dokar cewa kada a “takura” wa ayu ba ta fayyace mene ne takurawar ba, jami'i kuma ba ya iya gurfanar da mutum a kan kalmar da kowa ke fassarawa yadda ya so. Hotunan mutane suna bin ayu, suna hawa bayansa, suna shiga tsakanin uwa da ɗa, suka riƙa yawo a intanet.

## Shekarar 2010

A Janairun 2010 aka yi sanyin da aka daɗe ba a ga irinsa ba a Fulorida, kwanaki a jere. Ayu 766 suka mutu a jihar a wannan shekara, fiye da 250 sanyi ne kai tsaye ya kashe su. A tafkin, ƙirgen da aka yi daga jirgin sama a watan ya haura 500, ninki biyar na 1980, alhali makwancin da aka killace bai ƙaru daidai da haka ba.

A Yuli aka yi abin da kowa ya yi na'am da shi. Akwai wani fili mai eka 57 da ya kewaye maɓuɓɓugai uku mafi tsabta a garin, wanda aka shirya gina gidaje a kai. Jiha, da tarayya, da hukumar ruwa ta yankin, da majalisar garin, da masu ba da gudummawa suka haɗa kimanin dala miliyan 10.5 suka saye shi, aka danƙa kulawarsa a hannun hukumar kifi da namun daji ta Amurka.

A Nuwamba kuma hukumar ta fitar da dokar gaggawa ta kwana 120, ta ayyana tafkin baki ɗaya a matsayin mafakar ayu. Dokar ta ba ma'aikata ikon faɗaɗa wuraren da aka killace in sanyi ya taso, ta kuma jera ayyukan da aka haramta da sunayensu. Maganar gudun lokacin zafi ba ta taso ba tukuna, don hunturu ake ciki.

## Yuni 2011: shawarar rufe filin gudu

Da hukumar ta zo mayar da dokar ta dindindin, sai ta ƙara abu ɗaya: tafiya a hankali a duk faɗin tafkin, duk shekara. Filin gudu na lokacin zafi zai tafi ke nan gaba ɗaya.

Gari ya ɗauka. A taron jin ra'ayin jama'a da aka yi a Yuli zauren ya cika. Majalisar garin da ta gunduma suka ƙi amincewa, ɗan majalisar tarayya mai wakiltar yankin ya nemi hanyar toshe dokar, mazauna bakin ruwa suka kafa ƙungiya don yaƙar ta. Ƙungiyoyin kare ayu, ciki har da wadda gwamna Bob Graham da mawaƙi Jimmy Buffett suka kafa a 1981, suka tsaya bayan shawarar, wasunsu ma suna ganin ba ta isa ba tunda ba ta hana taɓa ayu ɗungurungum ba.

Hujjojin masu adawa ba nauyinsu ɗaya ba, kuma ya kamata a rarrabe su. Akwai ta siyasa: gwamnatin tarayya ta shigo ta ƙwace ruwan gari, an fifita dabba a kan ɗan Adam, darajar gidaje za ta faɗi. Akwai ta kimiyya, wadda aka jingina ga binciken Edmund Gerstein na wata jami'a a Fulorida, cewa ayu ba ya jin ƙaramar ƙarar jirgi mai tafiya sannu, don haka rage gudu na iya ƙara haɗari. Binciken da ya biyo baya, wanda aka ɗaura wa ayu na'urar naɗar sauti da motsi a ruwan da suke yawo, ya nuna jirgi mai tafiya a hankali yana ba su ƙarin lokacin kaucewa. Ko an yi karon ma, dukan mai tafiya sannu ba ɗaya yake da na mai gudun kilomita 50 ba. Akwai kuma ƙorafin hadari: da zafi a Fulorida kusan kullum da yamma hadari ke haɗowa da tsawa, mai jirgi yana bukatar ya ruga gida. Wannan tuni dokar tarayya ta amsa shi, domin ta halatta karya ƙa'idar gudu in don tsirar da rai ko dukiya ne, ko don kai ɗauki.

Hujja ta ƙarshe ita ce ta tsaya da ƙafarta, kuma ba daga bakin 'yan adawa kaɗai ta fito ba. Rundunar tsaron gaɓar tekun Amurka, wadda aikinta kiyaye rayukan mutane a ruwa, ta nuna damuwa cewa masu wasan zamiya ba za su daina ba don an rufe tafkin. Kogin za su koma. Tafkin fili ne buɗaɗɗe, matuƙi yana hango na gabansa daga nesa, yana da wurin juyawa. Kogin kuwa siriri ne, mai lanƙwasa, da duwatsu a gefe, hanyar da aka yi wa alama ita kaɗai ce mai zurfi. Ta nan kowane jirgi ke bi zuwa teku, kuma daga 1 ga Yuli, da aka buɗe kamun ƙumbar teku, jirage ke jeruwa a cikinsa tun asuba. Jirgin da ke jan mutum da igiya dole ya yi da'ira ya dawo in wanda ake ja ya faɗi, shi kuma wanda ya faɗi kansa kaɗai ke saman ruwa. A sa wannan a tsakiyar hanyar da jirage ke kai da kawowa, an yi gudun gara an faɗa gidan zago. Ayun ma bai tsira ba, domin kogin shi ne ƙofarsa ɗaya tilo tsakanin tafki da teku.

Taswirar shawarar ta tsaya ne a bakin tafkin, inda ikon dokar ya ƙare. Jiragen ba a nan za su tsaya ba.

## Maris 2012: dokar da aka tsayar

Ranar 16 ga Maris 2012 hukumar ta buga dokar ƙarshe, kuma ta janye daga shawararta ta farko, ta ce tsaron lafiyar mutane ne dalili. An bar filin gudu, amma an rage shi ta kowace fuska. Maimakon ya kewaye tsibirin, sai aka taƙaita shi ga ɓangaren arewa. Kwanakinsa suka sauka daga 123 zuwa 76, wato daga 1 ga Yuni zuwa 15 ga Agusta, daidai hutun makaranta. Gudun ya dawo mil 25 a awa, kusan kilomita 40, daga fitowar rana zuwa faɗuwarta. Da dare kowa a hankali. An kuma hana jefa anga a cikin filin a waɗannan kwanaki. Wannan sharaɗi ya yi wa ɓangarorin biyu aiki: jirgin da ya tsaya yana tara masu wanka a hanyar masu gudu, ayu kuma dabba ce mai son bincike, takan zo ta goga jiki da igiyar anga.

Wani ɓangaren dokar ya shafi hunturu. Ma'aikata suna iya rufe wurare na ɗan lokaci in ayu sun yi yawa, har da kwanaki kaɗan kafin lokacin ko bayansa in sanyi ya zo ba zato. An kuma jera ayyuka 12 da aka haramta a ko'ina cikin tafkin duk shekara: bin ayu, nutsewa a kan wanda ke barci ko kiwo, tare masa hanya, hawa ko riƙe shi, tsokanarsa da hannu ko sanda, raba uwa da ɗanta, ba shi abinci, da makamantansu. Masu gidajen da ke cikin wuraren da aka killace an ba su takardar izini da alamar liƙawa a jirgi, su shiga su fita da mafi ƙarancin gudu.

Babu ɓangaren da ya yi murna. Masu kare ayu suka ce an bar ƙofar mutuwa a buɗe kwana 76. Masu jirage suka ce an yanke musu Mayu da rabin Agusta da wani ɓangare na filinsu.

## Daga 2012 zuwa 2017: kotu, da cunkoso a maɓuɓɓuga

Ƙungiyar mazauna garin ta sauya dabara. A ƙarshen 2012, da taimakon wata cibiyar lauyoyi, ta shigar da buƙatar a sauke ayu daga jerin halittun da ke gab da ƙarewa zuwa matakin da ke ƙasa da shi. Da aka yi jinkirin amsawa ta kai ƙara a 2014. Ƙirge ya nuna ƙaruwar ayu: an ga ayu 1,267 a duk jihar a 1991, a 2017 kuma an ga 6,620. A ƙarshen Maris 2017 hukumar ta sanar da sauke matakin. Sai dai dokar tafkin ba ta motsa ba, domin ikon kafa ta bai rataya a kan wannan mataki kaɗai ba. A daidai wannan tsakani kuma ayun da jirage ke kashewa a faɗin jihar ya haura 100 a shekara tun daga 2016, ya wuce 130 a 2019. Wani nazari da masana jihar suka yi a kan gawarwakin shekaru goma ya gano kashi 96 cikin 100 na manyan ayu suna ɗauke da tabon jirgi, ɗaya cikin huɗu kuma an buge shi sau goma ko fiye.

A tafkin, matsalar hunturu ta koma maɓuɓɓugan nan uku da aka saya. Mashigarsu siririya ce ƙwarai, ayu da masu ninƙaya da masu filafili duk ta nan suke cusawa. A ƙarshen Disamba 2014 an ƙirga ayu fiye da 500 a wurin a rana ɗaya. Sai aka hana shiga da kwalekwale duk lokacin hunturu, ana rufe wurin gaba ɗaya in sanyi ya sauko, baƙi su kalla daga gadar katako da aka zagaye shi da ita.

## Daga 2015 zuwa 2024: ciyawa

Duk wannan jayayya a kan saman ruwa ake yin ta, alhali ƙasan tafkin ya daɗe da lalacewa. Guguwar Maris 1993 ta turo ruwan gishiri ya ƙone ciyawar, takin gonaki da na lambunan gidaje da ruwan masai suka ciyar da wata baƙar gansakuka mai kama da gashi, ta shimfiɗe ƙasa, ta ruɓe ta zama laka, ta toshe idanun maɓuɓɓuga. Ayun da ya zo jin ɗumi sai ya fita neman abinci ta kogin, cikin sanyi da jirage.

Ƙungiyar nan da ta kai hukuma kotu ita ce ta ɗauki wannan aiki daga 2015, da kuɗin jiha. Masu nutso suna zuƙe lakar da bututu, a dasa ciyawar ruwa ta asali, a kife ta da keji don kada ayu ya cinye ta kafin ta yi saiwa. Ciyawar ta kama, ta bazu har inda ba a dasa ba, ruwan ya washe. Amfanin ya fito fili a 2021, shekarar da ayu kusan 1,100 suka mutu a Fulorida, akasarinsu da yunwa a gaɓar gabas inda ciyawar teku ta ƙare, har hukuma ta koma watsa musu ganyen latas. Wannan yunwa ba ta faɗa wa tafkin ba. Guguwar Idalia a 2023 da Helene a 2024 sun sake turo ruwan gishiri cikin garin, ciyawar ta ji jiki, aikin dasawa ya ci gaba.

## Abin da ya yi aiki da abin da bai yi ba

A ganina kuskuren farko ba mugunta ba ne, tsufa ne. Rabon shekara na farkon 1990 ya dace da ayun wancan lokaci, sai aka bar shi shekara ashirin ba a waiwaye shi ba, dabbar ta sauya hali doka ba ta sauya ba. Mutuwar 13 cikin shekara goma ita ce farashin rashin waiwayen. Wayar da kai ita kaɗai ma ba ta isa ba, sai da aka kira kowane laifi da sunansa jami'i ya sami abin riƙewa, mai kai baƙi na kirki kuma ya sami abin nuna wa baƙonsa.

Shawarar 2011 niyyarta mai kyau ce, kuma da tafkin rufaffe ne da ita ce daidai, domin jirgi mai tafiya a hankali alheri ne ga ayu da mai ninƙaya baki ɗaya. A cikin tafkin babu saɓani tsakanin kare dabbar da kare mutum. Saɓanin ya ɓullo ne a kogin, wurin da masu tsarin ba su sa a lissafi ba. Hayaniyar taro ba ita ta sauya dokar ba. Tambaya ce mai sauƙi daga waɗanda ke tsamo mutane daga ruwa: in kun kore su daga nan, ina za su? Ina ganin hukumar ta yi daidai da ta saurara, kuma ta yi daidai da ba ta mayar da filin yadda yake a da ba. Ta auna wuri, da wata, da sa'a, da gudu, ta rage kowanne, ta bar abin da zai hana jirage kwarara cikin kogin.

Ban ɗauki kwana 76 ɗin nan a matsayin abin da ba shi da illa ba. Jirgi mai gudun kilomita 40 yana karya haƙarƙarin ayu sarai. Kuma nasarar ciyawar da kanta ta ƙara nauyin lamarin, domin inda abinci yake nan ayu ke zama da zafi, har da uwa da jaririnta, kusa da inda ake jan yara da igiya. Zaton da ya rushe dokar farko yana iya rushe ta biyu in aka bar ta ba dubawa. Abin da ya kamata garin da hukumar su riƙa ɗorawa a kan tebur kowace shekara shi ne ƙirgen ayu na Yuni da Yuli a arewacin tsibirin, da taswirar inda ciyawa ta kai, da rahoton haɗurran jirage a kogin, a karanta su tare kafin a sake dasa alamomin filin gudu ranar 1 ga Yuni.